Laftof na ganin kwamfutar tebur amma ba ta kai wa intanet: fashin baƙi kan haɗin kebul ɗin firinta

Me ya sa laftof da aka haɗa da kwamfutar tebur ta kafar firinta take gaisawa da ita lafiya lau, amma da zarar an ce ta leƙa intanet, ko ta taɓa wata kwamfuta ta uku, sai a ji tsit? Tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin masu amfani da Linux tun shekarun 1990, kuma masu farfaɗo da tsofaffin na'urori har yau suna cin karo da ita. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce kebul ya lalace, ko direba, wato manhajar da ke sarrafa kafar, bai zauna daidai ba. Sai mutum ya kwana yana cire waya yana mayarwa, yana sake gina kanel, wato zuciyar tsarin aikin Linux, alhali wayar ba ta da laifin komai. A mafi yawan lokuta saƙon laftof ɗin yana fita, har ya isa inda aka aike shi. Amsar ce ta rasa hanyar dawowa.

Mene ne wannan haɗin?

Sunansa PLIP, wato tura saƙonnin intanet ta kafar firinta, wannan doguwar kafa mai ramuka 25 da ke bayan tsofaffin kwamfutoci. Dabarar ta samo asali ne daga direban da Russ Nelson ya rubuta wa DOS, daga baya masu gina Linux irin su Donald Becker da Niibe Yutaka suka yi aikin nata direban. Buƙata ce ta haife ta. Laftof ɗin wancan zamani galibi ba ta zuwa da kafar Ethernet ta jona wayar netwok, wata ma ba ta da wurin saka faifan CD, amma da wuya a ga wadda ba ta da kafar firinta. Wanda yake son ɗora mata Linux sai ya haɗa ta da kwamfutar tebur ya jawo fayilolin ta waya. Kafar siriyal, a iyakar gudunta na 115,200, abin da take kawowa bai wuce kilobayit 11 da 'yan kai a daƙiƙa ba. Kafar firinta tana ninka wannan sau da dama, kuma ga mai kwafar tsarin aiki sukutum bambancin ba ƙarami ba ne.

Kebul ɗin da ake amfani da shi ba irin wanda ake jona firinta da shi ba ne. Ana kiransa kebul ɗin LapLink, kawunansa biyu iri ɗaya ne, kuma wayoyin cikinsa a gicciye suke. An ƙera kafar firinta ne don ta tura bayani waje, abin da take karɓa kuwa 'yan sigina ne da firinta ke sanar da halin da take ciki: takarda ta ƙare, ina aiki, an samu kuskure. Masu dabarar sai suka ɗauki wayoyin turawa na wannan gefe suka jona da wayoyin sanar da hali na wancan gefe. Fil na 2 ya tafi na 15, na 3 ya tafi na 13, na 4 ya tafi na 12, na 5 ya tafi na 10, na 6 ya tafi na 11, haka kuma daga ɗaya ɓangaren. Da wannan ake tura rabin bayit a kowane karo. Ni dai har yau wannan hikima tana burge ni: wayar da aka yi don ta ce takarda ta ƙare, ga ta tana ɗauke da saƙon imel.

Abin da ya kamata a riƙe daga duk wannan shi ne haɗin na mutum biyu ne kawai. Na'ura ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Laftof ba ta da maƙwabci sai kwamfutar tebur, kuma duk abin da za ta faɗa wa duniya sai ya bi ta hannunta. Sauran na'urorin da ke kan netwok ɗin ba su ma san an haife ta ba.

A fara wanke kebul daga zargi

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Akwai rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok ɗin gida da intanet, mai adireshi 192.168.1.1. Kwamfutar tebur tana jone da ita ta eth0, wato kafarta ta Ethernet, da adireshi 192.168.1.10. A kan kebul ɗin firinta kuma an ba kwamfutar tebur 192.168.2.1, laftof 192.168.2.2. A kan kwamfutar tebur an rubuta wannan don tayar da plip0, sunan da Linux ke ba haɗin kebul ɗin:

ifconfig plip0 192.168.2.1 pointopoint 192.168.2.2 netmask 255.255.255.255 up

A kan laftof an rubuta irinsa, an juya adireshin biyu. Gwajin farko daga laftof shi ne ping 192.168.2.1, umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. In amsa ta dawo, magana ta ƙare game da kebul, da direba, da kafar firinta. Duk suna aiki. Kada a sake taɓa su.

In kuwa ba ta dawo ba, to nan ne kaɗai ake duba ƙasa. Umarnin dmesg zai nuna ko direban yana kukan transmit timeout, alamar ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Dalilan ba su da yawa. Ko kebul ɗin ba na LapLink ba ne, ko ya yi tsawo da yawa, ko ɗaya gefen bai tashi ba, ko kuma lambar IRQ ce ba daidai ba. IRQ ita ce ƙararrawar da kafa ke kaɗa wa kwamfuta idan saƙo ya iso, kuma fil na 10 ne ke kaɗa ta. Kafar farko, mai adireshi 0x378, bisa al'ada tana kan IRQ 7. Ta biyu, 0x278, tana kan IRQ 5, wanda katunan sauti na Sound Blaster su ma suke yawan kamawa, sai a yi ta rigima a kai. Firinta tana iya aiki ba tare da wannan ƙararrawa ba, shi ya sa mutum zai rantse kafarsa lafiya take tunda tana buga takarda. Maganin shi ne a faɗa wa direba ƙarara: modprobe parport_pc io=0x378 irq=7.

Akwai kuma ruɗanin suna. A kanel 2.0, wanda ya fito a 1996, kafar 0x378 sunanta plip1, kuma direban firinta da na PLIP ba sa zama a kafa ɗaya. Daga kanel 2.2 na 1999, kafar farko da aka samu ita ce plip0. Wanda yake bin tsohon bayani a kan sabon kanel zai yi ta kiran sunan da babu shi.

Tambaya ta farko: laftof ta san ina za ta miƙa saƙo?

Kowace kwamfuta tana da teburin hanyoyi, jerin da ke cewa saƙon adireshi kaza ta wannan ƙofa zai fita. Ana ganinsa da route -n. Idan layuka biyu suka dace da adireshi ɗaya, wanda ya fi ƙayyade adireshin shi ake bi. Idan babu wanda ya dace, sai a koma ga layin ƙarshe, hanyar da ake miƙa duk saƙon da ba a san gidansa ba.

Laftof da aka tayar wa plip0 kawai tana da layi ɗaya tak: 192.168.2.1 yana ƙarshen kebul. A kanel 2.0 ma ko wannan layin sai an rubuta shi da hannu. In aka ce ta taɓa rauta, nan take za ta ce Network is unreachable. Wannan saƙo alheri ne, domin yana nufin fakitin, wato ƙunshin saƙon, ko ƙofa bai fita ba, matsalar tana nan cikin laftof ɗin. Layi ɗaya ne maganinta:

route add default gw 192.168.2.1

Bambanci tsakanin wannan kuka da shiru shi ne abu mafi amfani da mai bincike zai koya. Kuka na nan take yana nufin na'urar da kake zaune a gabanta ba ta san hanya ba. Shiru yana nufin fakitin ya tafi, wani abu ya same shi ko ya sami amsarsa a gaba.

Tambaya ta biyu: kwamfutar tebur ta yarda ta zama 'yar aike?

Linux, yadda yake zuwa, ba ya ɗaukar saƙon wani ya kai wa wani. Fakitin da ya shigo ta plip0 ba da sunansa ba, yar da shi yake yi, ba kuwa tare da ya ce uffan ba. Sai an ba shi izini:

echo 1 > /proc/sys/net/ipv4/ip_forward

A nan akwai wani tarko da yake kama har gwanaye. Mutum zai yi ping 192.168.1.10 daga laftof, wato adireshin kwamfutar tebur na gefen eth0, amsa ta dawo, sai ya ce ai saƙo yana tsallakawa zuwa ɗaya netwok ɗin. Bai tsallaka ba. Linux yana amsa kowane adireshinsa ta kowace ƙofa aka kira shi, ko da izinin miƙawa a kashe yake. Abin da gwajin ya tabbatar kawai shi ne laftof ta san hanyar fita. Gwaji na gaskiya shi ne a taɓa na'ura ta uku, kamar rauta.

Sannan wannan izini ba ya tsallake kashe kwamfuta. Jiya komai na aiki, yau da safe shiru, kuma ba wanda ya taɓa komai: sau da yawa lambar nan ce ta koma 0. Sai an rubuta ta cikin /etc/sysctl.conf ko fayilolin tashi. Haka kuma katangar tsaro tana da nata layin na saƙonni masu wucewa, FORWARD, dabam da na masu shigowa. In an sa shi ya riƙa zubar da komai, izinin kanel ba zai hana shi ba.

Tambaya ta uku: amsa ta san hanyar gida?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi ɓata dare. Laftof tana da hanyar fita, kwamfutar tebur tana miƙawa, katanga a buɗe, amma ping 192.168.1.1 shiru.

Zauna gaban kwamfutar tebur ka rubuta tcpdump -n -i eth0 icmp, umarnin da ke nuna fakitocin da ke wucewa ta eth0, ka bar laftof tana ta ping. Za ka ga layuka suna gangarowa, ɗaya kowace daƙiƙa: daga 192.168.2.2 zuwa 192.168.1.1, echo request. Request, request, request, wato tambaya bayan tambaya, babu reply, wato amsa, ko ɗaya a tsakani. Wanda ya taɓa ganin wannan allo sau ɗaya ba zai sake zargin kebul ba. Fakitin ya hau wayar firinta rabi-rabi, ya ratsa kwamfutar tebur, ya fita ta Ethernet, ga shi nan a gaban idonka.

To yanzu ka sa kanka a matsayin rauta. Saƙo ya zo mata daga 192.168.2.2, tana son ta amsa. Ta duba teburinta: ta san 192.168.1.0, su ne mutanenta. Ba ta taɓa jin labarin 192.168.2.0 ba. Sai ta yi abin da kowace na'ura ke yi da baƙon adireshi, ta miƙa shi ga hanyarta ta ƙarshe, wato wajen kamfanin da ke ba da intanet. Can kuma ba mai karɓarsa, domin adireshin da suka fara da 192.168 na cikin gida ne. Ƙa'idar RFC 1918 ta 1996 ta ware su, tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31, ba a yawo da su a intanet. Amsar ta fita ta ƙofar da ba ta dace ba ta ɓace.

Tushen rashin fahimtar shi ne mutane suna ɗaukar haɗin kwamfuta kamar kiran tarho, da an buɗe layi magana na zuwa tana dawowa. Tsarin IP ba haka yake ba. Kowane fakiti tafiyarsa daban, kowace na'ura a hanya tana yanke hukunci da nata teburin, kuma ba ta tuna ta inda tambaya ta shigo balle ta mayar da amsa ta nan. Hanyar zuwa aiki ne guda, hanyar dawowa wani aiki ne dabam, kowanne sai an gina shi.

Magunguna uku, da dalilin da ya sa ake saɓani a kansu

Na farko shi ne a gaya wa rauta gaskiya. A ƙara mata layi: duk saƙon 192.168.2.2, a miƙa wa 192.168.1.10. Masu kula da netwok sun fi son wannan saboda tsabtarsa. Laftof tana nan da sunanta, kowa zai iya nemanta, kuma in matsala ta taso umarnin traceroute zai nuna kowane zango. Sharaɗinsa shi ne kana da iko da rautar. Wanda ke ofis ko makaranta ba lallai a ba shi wannan dama ba. Kuma wasu ƙananan rautoci adireshin netwok ɗinsu kaɗai suke fassarawa zuwa intanet, sai ka ga laftof ta kai ga kowa a cikin gida amma waje ya gagara.

Na biyu shi ne ɓad-da-kama. Kwamfutar tebur ta goge adireshin laftof daga kowane fakiti mai fita ta sa nata, ta rubuta a littafinta, in amsa ta dawo ta mayar da sunan asali ta tura ta kebul. Rauta ba ta ga baƙo ba, don haka ba ta da abin ruɗewa. Kayan aikin sun sauya da zamani: ipfwadm a kanel 2.0, ipchains a 2.2, iptables daga 2.4 na 2001. A na ƙarshen, layin shi ne:

iptables -t nat -A POSTROUTING -s 192.168.2.2 -o eth0 -j MASQUERADE

Wanda kwamfutar teburinsa ke shiga intanet da modem ta ppp0 ba shi da wani zaɓi sai wannan, tunda adireshi ɗaya aka ba shi. Abin da ake rasawa shi ne ba wanda zai iya fara neman laftof daga waje, ita ce kullum mai fara magana. Tsare-tsaren da ke rubuta adireshi a cikin saƙon kansa, irin su FTP, sai da aka yi musu mataimaki na musamman, ip_masq_ftp, kafin su yi aiki.

Na uku shi ne kwamfutar tebur ta yi magana da yawun laftof. Wannan yana warware wani kuskure da mutane ke yi da kyakkyawar niyya: su ba laftof adireshi daga cikin netwok ɗin gida, a ce 192.168.1.20, da tunanin hakan zai sa ta zama 'yar gida. Abin da ke faruwa shi ne rauta ta ga adireshin na mutanenta ne, sai ta yi shela a kan Ethernet da tsarin ARP: wa ke da 192.168.1.20? Laftof ba ta kan Ethernet, tana can ƙarshen wayar firinta, shelar ba ta isa kunnenta. Ba wanda ya amsa, saƙo ya mutu. In aka kunna /proc/sys/net/ipv4/conf/eth0/proxy_arp, kwamfutar tebur ce za ta amsa ta ce a ba ni, sannan ta miƙa. Dabarar tsohuwa ce, an bayyana ta a RFC 1027 tun 1987, kuma ba ta buƙatar a taɓa rauta ko kaɗan.

Sai dai wannan hanya tana son kula. In aka tayar da plip0 da netmask 255.255.255.0 a cikin netwok ɗaya da eth0, kwamfutar tebur za ta wayi gari da layuka biyu masu da'awar 192.168.1.0. Tana iya fara tura saƙonnin rauta cikin kebul ɗin firinta, ita kanta ta rasa intanet. Garin neman gira an rasa ido. Shi ya sa 255.255.255.255 ɗin nan da ke cikin umarnin farko yake da muhimmanci: yana cewa na'ura ɗaya tak ce a ƙarshen wannan waya. Dole kuma a tabbata rauta ba za ta raba wa wata na'ura adireshin da aka ba laftof ba.

In an tambaye ni, ga mai son laftof ta jawo fayiloli ta leƙa intanet, ɓad-da-kama ya wadatar, kuma ya fi wuyar lalacewa. Wanda yake son ya riƙa shiga laftof ɗin daga wasu na'urori, ya gyara teburin rauta in yana da iko. Magana da yawu ita ce ta ƙarshe da zan zaɓa, saboda idan ta lalace ba a saurin gane inda ta lalace. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a kunna duka ukun lokaci ɗaya don a ga wanda zai kama. Yana iya yin aiki, amma ranar da ya tsaya ba wanda zai san wanne ne yake riƙe da shi.

Saura suna

Bayan duk wannan, wani zai ce har yanzu shafuka ba sa buɗewa. A gwada ping da lambar adireshi ta waje, sannan a gwada da suna. In lamba ta yi suna ya ƙi, hanya ta gyaru, laftof ce ba ta san wanda za ta tambaya fassarar sunaye ba. Kebul ɗin firinta ba ya raba wannan bayani da kansa yadda rauta ke yi wa na'urorin da ke jone da ita. A kwafi layin nameserver daga /etc/resolv.conf na kwamfutar tebur a sa a na laftof, amma a lura: in abin da ke wurin 127.0.0.1 ne ko makamancinsa, wannan yana nufin ita kanta kwamfutar tebur, kuma a kan laftof ma'anarsa za ta koma laftof ɗin. Sai a sa adireshin rauta a madadinsa.

Me wannan ya shafi wanda bai taɓa ganin kafar firinta ba?

Kafar ta ɓace daga sababbin kwamfutoci, USB ta gaje ta. Masu buƙatar PLIP a yau 'yan kaɗan ne: mai son ceto bayanai daga tsohuwar laftof, mai kula da wata na'urar masana'anta da ba a sauya ba, mai sha'awar kayan da. Su ma ya kamata su sani cewa tsarin haɗin kebul kai tsaye da ya zo da Windows 95 yana amfani da irin wannan kebul amma yarensa dabam ne, ba ya magana da PLIP. Tsarin aiki na FreeBSD kuma a da yana kiran kafar lp0, daga baya plip0, kuma sai an kunna masa link0 kafin ya fahimci Linux. Direban PLIP yana cin ƙarfin kwamfuta sosai lokacin tura bayani, don haka in linzami ya riƙa sanɗa ana tsakiyar kwafa, ba lalacewa ba ce.

Amma siffar matsalar tana nan daram. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da aka jona wa laftof ta USB, kwamfutar gwaji da ke zaune cikin wata kwamfuta, ramin VPN tsakanin ofisoshi biyu, duk na'ura ce da ke bayan wata na'ura, wadda sauran netwok bai san da ita ba. Alamar ma iri ɗaya ce: ana ganin maƙwabci na kusa, gaba da shi shiru. Umarnin sun sauya suna, ip route ya karɓi aikin route, nftables yana karɓar na iptables, amma mai Raspberry Pi ɗin da ya buɗe tcpdump a ƙofar fita zai ga layukan nan dai suna gangarowa, request bayan request, kuma teburin da zai gyara yana kan na'urar da ke wancan gefen.